Fataucin waƙa: Mdou Moctar da ayarinsa a kasuwannin duniya

Ranar 3 ga watan Mayu na shekarar 2024, kamfanin Matador na birnin New York ya fitar da sabon faifan Mdou Moctar mai suna Funeral for Justice, wato jana'izar adalci. Makaɗin ya saɓa gitarsa ya bi faifan gari-gari, a Amurka da Turai, yana tallarsa. Wata tara kafin wannan rana, shi da abokan kiɗansa biyu suna maƙale a Amurka, sararin samaniyar Nijar na rufe, babu jirgin da zai sauke su Yamai. Duk ɗan kasuwar da kayansa suka taɓa kwana a tashar ruwan Kwatano suna jiran a buɗe hanya zai gane wannan labari, domin labarin fatauci ne.

Hanya ta Yamai take bi

Mawaƙin Nijar, ɗan Agadas ne ko ɗan Damagaram, in zai fita ƙetare da sana'arsa sai ya biyo ta Yamai. Nan ofisoshin jakadanci masu ba da biza suke, nan kuma filin jirgin sama na Diori Hamani yake. Wanda ya taso daga Agadas sai ya ci kilomita wajen 950 cikin mota, ta Abalak da Tawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, kafin ya ɗora ido kan jirgi. Daga nan sai wata tafiyar ta yini da kwana, da sauyin jirgi a Kazablanka ko Istambul ko Adis Ababa, sannan a isa garin da za a yi wasan farko.

Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da sunan Mdou Moctar, ya daɗe yana bin wannan hanya. Ba'abzine ne ɗan yankin Azawak cikin jihar Tawa, an haife shi tsakiyar shekarun 1980. Gidansu gidan addini ne da ba a maraba da kiɗa. Ganin wasan marigayi Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin magabatan kiɗan gita na Abzinawa, shi ya sa masa sha'awa, har ya sassaƙa gitarsa ta farko da katako, ya ɗaura mata wayoyin birkin keke a madadin tsirkiya. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa, abin da ya sa samun gita da ta dace da hannunsa ya zame masa wahala shekara da shekaru.

Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, cikin ɗakin ɗaukar sauti irin na masu waƙoƙin finafinan Hausa, da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Babu kamfanin da ya sayar da shi. Waƙoƙin sun yaɗu ne daga salula zuwa salula, wannan ya tura wa wancan a tashar mota ko a gindin mai shayi, har suka ƙetara Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya daga cikinsu, ya sa ta cikin wani faifan haɗaka na waƙoƙin salular Sahara da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar. Daga baya ya bi sawu har ya gano mai waƙar. Tare suka shirya fim a Agadas cikin harshen Tamajak, wanda ya fito a 2015, Mdou Moctar ne jaruminsa. A 2019 aka fitar da Ilana, da aka ɗauka a birnin Detroit, sai Afrique Victime a watan Mayu na 2021, faifansa na farko a hannun Matador. Shi ne ya buɗe masa manyan dandali.

Zuwa da kai ya fi saƙo

Mai karatu zai iya tambaya: mutumin da ake jin waƙarsa ko'ina ta intanet, me zai sa ya bar iyalinsa wata da watanni yana kwana cikin mota da otel? Amsar tana cikin lissafi. A zamanin kaset da faifan garmaho, sayar da waƙar kanta yana kawo kuɗi. Yau mafi yawan masu saurare a Turai da Amurka ta dandalin intanet irin su Spotify suke ji, kuma bisa ƙiyasin da aka saba da shi a sana'ar, saurare ɗaya yana kawo abin da bai wuce sefa 2 zuwa 3 ba. Ko dala ɗaya bai kai ba. Sai an saurari waƙa sau miliyan kafin a tara miliyan biyu ko uku na sefa, a kuma raba su tsakanin kamfani da mai waƙa da sauran masu haƙƙi.

Saboda haka faifai ya koma kamar samfurin haja da falke ke aikawa gaba domin dillalai su gani. Shi ke sa jaridu su yi rubutu, gidajen rediyo su saka, masu shirya bukukuwa su aiko da gayyata. Cinikin kansa a dandali ake yinsa: kuɗin shiga, da ladan da masu biki ke biya, da riguna da faifai da ake sayarwa a bakin ƙofa bayan an tashi. Shi ya sa ake tsara fitar faifai da ranakun wasa tare, watanni kafin lokaci. In faifai ya fito mai shi bai samu zuwa ba, kasuwa ta ci ta watse ba tare da shi ba.

Ayarin Mdou Moctar na shekarar 2024 mutum huɗu ne a kan dandali. Shi ne madugu, da gita da murya. Ahmoudou Madassane na riƙe da gita ta biyu, Souleymane Ibrahim na kan ganguna, sai Mikey Coltun, Ba'amurke, mai gitar bas, wanda kuma shi ke haɗa sautin faifansu. Bayan waɗannan akwai waɗanda ba a gani, kuma kowa da rabonsa. Bisa al'adar sana'ar, dillalin da ke samo wasanni yana cire la'adar kashi 10 cikin ɗari, manaja ya ɗauki 15 zuwa 20. A Amurka hukumar haraji tana riƙe kashi 30 cikin ɗari na abin da baƙon mawaƙi ya samu, sai fa in an ƙulla yarjejeniya da ita tun kafin zuwa. A ƙara da kuɗin jirgi, da hayar mota da mai, da masauki, da abinci, da ladan mai kula da sauti. Abin da ya rage bayan wannan duka shi ake rabawa a komo da shi gida. Wasa uku ko huɗu da aka soke sun isa su cinye ribar tafiya ɗungurungum, har su taɓa uwar kuɗi.

Ranar da hanya ta toshe

Bayan fitar Afrique Victime, ƙungiyar ta yi kusan shekara biyu tana yawon wasa. A ƙarshen wannan yawo ne suka shiga wani gida da kusan babu kayan ɗaki a cikinsa, a karkarar jihar New York, suka ɗauki Funeral for Justice cikin kwana biyar. Faifan yana ajiye yana jiran lokacinsa, su kuma suka ci gaba da wasanni.

Suna Amurka ranar 26 ga watan Yuli 2023, ranar da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, majalisar CNSP ta Janar Abdourahamane Tiani ta karɓi mulki. A daren aka rufe iyakoki. Ranar 30 ga wata ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, ranar 6 ga Agusta kuma aka rufe sararin samaniyar ƙasa, ba a sake buɗe shi ga jiragen fasinja ba sai 4 ga Satumba. Kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai. A daidai lokacin da manyan motocin ƴan kasuwa suka yi jerin gwano a Malanbil, gadar Gaya na gabansu ba halin ƙetarewa, ƴan Nijar uku na wannan ƙungiya suna can ƙetaren teku, wasanninsu sun ƙare, tikitinsu na komowa ya zama takarda kawai.

Zaman baƙo a Amurka ba tare da aiki ba yana cin kuɗi kamar wuta a busasshiyar ciyawa, ga kuma iyali a gida suna jiran abin da za a aiko, cikin tsadar abinci da yankewar lantarki. Aka buɗe asusun gudummawa ta intanet, masoyansu suka tara abin da zai riƙe su na masauki da abinci. Su kuwa ba su zauna hannu rabbana ba. Sun shiga wani ɗakin ɗaukar sauti a unguwar Brooklyn, suka sake kaɗa waƙoƙin sabon faifan da gitar da ba ta lantarki, a hankali, cikin muryar mutanen da ba su san ranar komawarsu gida ba. Wannan ɗauka ita ta zama faifan Tears of Injustice, hawayen zalunci, wanda ya fito farkon shekarar 2025. Da hanya ta buɗe suka komo.

Abin da faifan ke ɗauke da shi

Funeral for Justice waƙa tara ce, kusan duka cikin harshen Tamajak, da gita mai ƙara da ganguna masu gudu irin na bikin aure a Agadas in dare ya yi nisa. Waƙar da aka sa wa faifan sunanta da shugabannin Afirka take magana, tana tuhumarsu da sakin dukiyar ƙasashensu ga baƙi. Imouhar kira ne ga Abzinawa su riƙe harshensu kada ya salwanta a bakin ƴaƴansu. Oh France kuwa sunanta ya isa bayani. An tsara waɗannan waƙoƙi an kuma ɗauke su kafin juyin mulki, amma lokacin da suka fito sojojin Faransa sun riga sun bar Nijar tun watan Disamba 2023, na Amurka kuma suna shirin barin sansanoninsu na Yamai da Agadas. Sai ƴan jaridar waje suka mai da makaɗin tamkar kakakin ƙasa, kowace hira sai an tambaye shi siyasa. Matsayin da ya bayyana shi ne bai goyi bayan juyin mulki ba, bai kuma taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba.

Yawon tallar faifan ya fara tun kafin fitarsa. A watan Afrilu 2024 ƙungiyar ta hau dandalin Coachella a jihar Kalifoniya, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan kiɗa na Amurka. Daga nan aka bi biranen Amurka ɗaya bayan ɗaya, aka ƙetara Turai, inda a ƙarshen watan Yuni suka yi wasa a bikin Glastonbury na Ingila. Dubban mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta Tamajak suka tsaya gaban maza masu rawani da manyan riguna suna rawa. Da yawansu a ranar suka fara bambanta Nijar da Nijeriya. Ma'aikacin da ya taɓa wakiltar ƙasa a wani taro a waje ya san yawan bayanin da ake sha kafin a kai ga wannan.

Kuɗin fito na zamani

Fataken da sukan biya kuɗin fito a bakin kogi, su ba sarakunan hanya gaisuwa kafin ayari ya wuce. Na yau biza ce, kuma ita ce babbar fargabar kowane makaɗi. Baƙon da zai yi wasa a biya shi a Amurka, bizar yawon buɗe ido ba ta yi masa. Sai wani kamfani ko dillali na can ya shigar masa da takardar neman izinin aiki, da jerin garuruwa da ranaku da shaidar cewa shi sananne ne. Daga 1 ga watan Afrilu 2024, kuɗin shigar da wannan takarda ga ƙungiyar makaɗa ya tashi daga Dalar Amurka 460 zuwa abin da kan kai 1,615, wato daga jikka wajen 280 zuwa kusan miliyan ɗaya na sefa. Mai son a duba takardarsa da gaggawa sai ya ƙara Dalar Amurka 2,805 a wannan shekara. Bayan haka kowane mutum ya biya nasa kuɗin ganawa a ofishin jakadanci, kuma biyan bai tabbatar masa da samu ba.

Ta ɓangaren Turai ma ƙofa ta ƙuntata. Faransa ta daina ba da biza a Yamai tun watan Agusta 2023. A watan Satumba na shekarar wata takarda ta hukuma ta umarci gidajen wasan Faransa masu samun tallafin gwamnati su dakatar da hulɗa da ƙasashen Mali da Nijar da Burkina Faso. Masu fasaha na can suka yi ca, har shugaba Emmanuel Macron da ministar al'adunsa suka fito suka ce ba a hana kowane mawaƙi wasa ba. Sai dai wanda ba shi da biza a hannu bai ga bambanci ba, tunda babu inda zai nema. Farkon watan Janairu 2024 aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai.

Sai kuma Amurka, wadda ita ce babbar kasuwar makaɗan gita na Nijar. A watan Yuli 2025 ofishin jakadancinta a Yamai ya dakatar da ba da biza ta yau da kullum. A watan Disamba na shekarar, shugaba Donald Trump ya sa Nijar cikin jerin ƙasashen da aka hana ƴaƴansu shiga Amurka, tare da Mali da Burkina Faso, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ban da waɗanda suke da biza mai rai a hannu. Matashin da ke koyon gita a wata unguwa ta Yamai yana mafarkin bin sawun Mdou Moctar, wannan doka ta shafe shi tun bai buga wasansa na farko ba.

Waɗanda suka share hanya

Mdou Moctar bai fara wannan fatauci ba. A 1994 aka fitar da Niamey Twice, faifan haɗin gwiwa na Saadou Bori da Moussa Poussi, wanda ya kai kiɗan zamani na Nijar kantunan Turai. Ƙungiyar Mamar Kassey ta Yacouba Moumouni, da aka kafa a Yamai, ta fitar da Denké-Denké a 1999 ta zaga da shi ƙasashe. Etran Finatawa, haɗakar Abzinawa da Fulani Wodaɓe da ta samo asali a 2004, ta bi bayanta. Omara Moctar, wato Bombino, ya fitar da Agadez a 2011 da Nomad a 2013, sannan Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin ƴan takarar kyautar Grammy. Faifansa Sahel ya fito a watan Satumba 2023, cikin tsakiyar takunkumi.

Abu ɗaya ya haɗa waɗannan faifai: kamfanonin waje ne suka buga su suka rarraba. Nijar ta yi ƙoƙari ta fuskar renon makaɗa. Gasar Dan Gourmou, da aka fara a 1987, ta fito da gwanaye da yawa, haka ma cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM mai sunan Elhadji Taya a Yamai. An kafa hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta BNDA tsakiyar shekarun 1990. Akwai dandalin cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, akwai tsohuwar cibiyar Jean Rouch da aka mayar wa sunan Moustapha Alassane a watan Oktoba 2024. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kasuwa. Jiya masu kwafar kaset ne suka ci gumin mawaƙi, yau kuwa mai kwamfuta a bakin kasuwa zai cika wa mutum katin waya da ɗaruruwan waƙoƙi a kan ƴan kuɗi kaɗan, mai waƙa bai ga ko dala ba.

Ƙungiyar Tal National ta Yamai ta nuna yadda ake zama da wannan hali. Shugabanta Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, ma'aikacin shari'a ne kuma tsohon ɗan ƙwallo. Lokacin da kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da faifansu Kaani a 2013, sun riga sun saba da wasa dare biyar a mako a cikin birni, suna kuma sayar da faifansu da hannunsu a mahaɗar tituna, saboda babu mai rarrabawa. Suna da makaɗa da yawa, ta yadda in wasu sun tafi yawon ƙetare, sauran na nan suna riƙe da dandalin gida. Dabara ce irin ta ɗan kasuwar da ba ya rufe rumfarsa don ya tafi saro kaya.

Guntun gatarinka

Shi ma Mdou Moctar bai saki gida ba. In ya komo daga yawo yakan yi wasa a bukukuwan aure da kuma fili cikin ƙauyuka, da injin janareto da ƴan lasifika, jama'a kewaye da shi cikin ƙura. Ya sha gaya wa ƴan jarida cewa wani kaso na abin da yake samu a waje yana tafiya wajen haƙa rijiyoyi a karkara. Ta nan ake gane cewa tikitin da wani ɗalibi ya saya a Landan ko Chicago yana iya ƙarewa a matsayin ruwan sha a wani zango na Azawak, kamar yadda gishirin Bilma ke komawa hatsi a hannun masu ayarin raƙuma.

Amma sana'ar da duk ribarta ke bayan ƙofar wani, ranar da mai ƙofa ya rufe sai a zauna. Shekarun 2023 zuwa 2026 sun nuna haka ƙarara. Hausawa na cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gatarin a nan sananne ne: zauren wasa mai kayan sauti na kirki da makaɗi zai iya haya ba tare da ya ci bashi ba, gidajen rediyo da talabijin da otel-otel su riƙa biyan haƙƙin waƙar da suke sakawa, attajirai su ɗauki nauyin wasanni a Maraɗi da Damagaram da Tawa kamar yadda ake ɗaukar nauyin kokawar gargajiya, sannan a ƙulla hanyar wasa zuwa Kano da Wagadugu da Bamako da Abijan, inda miliyoyin masu jin wannan kiɗa suke, kuma motar haya na zuwa. Ɓangare na wannan aiki yana kan teburin ma'aikatan gwamnati, ɓangare kuma yana cikin aljihun ƴan kasuwa.

Mutumin da ya fara da wayar birkin keke ya kai kiɗan Nijar dandalin Coachella da Glastonbury cikin shekara guda. Saura ranar da makaɗi irinsa zai fitar da sabon faifai, ya fara yawon tallarsa daga Yamai, mutane su yanki tikiti su cika zaure, abin da aka tara ya ishe shi biyan yaransa da kuɗin mota zuwa zango na gaba.